Ina so in bar faranti ɗaya a gaban kekena na tsere: 44 ko 46 ya fi dacewa da hanyoyin Kano?

Malamin Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu feda. Ya sanyi, ya ƙura? Shawara na zo nema, kuma ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, don duk wanda zai ba ni amsa ya san ainihin abin da ke hannuna.

Kekena na tsere ne, na gwanjo, shekara uku ke nan ina hawansa. Firam ɗin na alminiyam ne, kayan giyarsa Shimano 105 R7000, mai giya 11 a baya, birki kuma mai kama rim. Farantai biyu ne a gaba, babba mai haƙora 50, ƙarami mai 34. Kaset ɗin baya, wato jerin ƙananan farantan da ke jikin tayar baya, daga mai haƙora 11 ne zuwa mai 28. Tayoyi masu faɗin milimita 28 na sa masa tun bara saboda ramukan hanya. Ranakun aiki ina fita bayan sallar asuba in yi kamar awa ɗaya kafin in shirya makaranta. Ranar Asabar kuma mu biyar ne ko shida, wani lokaci mu yi Wudil mu dawo, wani lokaci mu bi hanyar Haɗeja zuwa Gezawa.

Asabar ɗin da ta wuce muna dawowa daga Wudil, daidai Mariri, akuya ta yanko titi. Na kauce mata, tayar gaba ta hau yashi, na faɗi ta ɓangaren hagu. Alhamdu lillahi ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu da cinya. Amma hannun giya na hagu ya bugu da kwalta, ƙaramin marfin nan da ake dannawa a sauko da sarƙa ya karye daga ciki. Birkin yana kamawa lafiya lau. Da muka ɗora keken a adaidaita sahu kuma sai aka danne direlar gaba, wato ƙarfen da ke tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan, ta lanƙwashe. Na tambayi kuɗin sabon hannu da sabuwar direla, da aka lissafa mini da canjin dala na yanzu ya doshi rabin albashina.

Daren nan na zauna a tsakar gida ina goge keken, sai idona ya kai kan ƙaramin farantin. Wallahi baƙin fentin da ke jikin haƙoransa ma bai goge ba. Babban kuwa haƙoransa sun fara yin tsini. Na yi ta tunani, a shekara ukun nan sau nawa na sauko kan 34 a cikin Kano? Na tuna sau ɗaya wajen Fanisau, sai wata rana da azumi da ƙafa ta mutu. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa ma a kan 50 nake hawanta. Kusan duk tafiyata a kan giya uku take, 17 da 19 da 21 na baya, gudu tsakanin kilomita 27 zuwa 33 a awa. To me zai sa in zuba wannan kuɗi don in farfaɗo da abin da ba na taɓawa?

Abin da ke raina shi ne in cire direlar gaba da wayarta da farantan biyu, in sa guda ɗaya. Amma ban san girman da zan ɗauka ba. Wani abokin hawana ya ce in bar 50 ɗin kawai in cire ƙaramin, wani ya ce 46, na kuma ga ana maganar 44 da 42. Sannan an tsorata ni cewa sai na canza direlar baya da kaset gaba ɗaya, in ba haka ba sarƙa za ta riƙa zubewa. In haka ne ai an gudu ba a tsira ba, kuɗin zai fi na gyaran.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Sau ɗaya a shekara muna zuwa Jos da iyali wajen surukaina, mu yi mako biyu, kuma da keken nake tafiya. A can kam ina amfani da ƙaramin farantin sosai. Ba na so in gyara Kano in ɓata Jos. Wanda ya taɓa yin wannan aiki da hannunsa ya taimaka mini. Na gode.

Bakaniken Fagge ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da arziki, Allah Ya kiyaye gaba. Kafin komai, ka ɗage robar da ke rufe da hannun hagun nan ka duba jikinsa da kyau a cikin haske, ka kuma duba kan keken daidai inda hannun ya kama. Idan akwai tsagewa ko da kamar gashi ce, maganar giya ta ƙare, hannun ya tashi aiki, don shi ke riƙe da birkinka. Idan lafiya yake, to ka zare wayar giyar ka bar shi ya zama hannun birki kawai, babu abin da zai same shi.

Kar ka bar 50 ɗin nan shi kaɗai. An ƙera shi ne don ya saki sarƙa cikin sauƙi idan direla ta ture ta, shi ya sa wasu haƙoransa gajeru ne, wasu a fiƙe, ga 'yan ƙusoshi a bayansa masu ɗaukar sarƙa. Direlar gaba ce ke tsare sarƙar a kansa. Ka cire ta, ramin farko zai jefar maka da sarƙa. Abin da ake sawa shi ne faranti mai haƙora siriri da kauri: haƙori ɗaya siriri, na gaba mai kauri, haka har ya zagayo. Ka dubi sarƙarka, za ka ga gaɓa ɗaya ƙunci, ta gaba faɗi. Mai kaurin yana cika gaɓa mai faɗi, siririn ya shiga mai ƙunci, ga haƙoran dogaye, sai sarƙar ta rasa wurin yin lilo. SRAM na kiran nasu X-Sync, Wolf Tooth na kiran nasu Drop-Stop, wasu kamfanoni da yawa ma suna yi. Dalilin wannan jeri ne ya sa ba za ka samu 43 ko 45 ba, sai 42, 44, 46.

Batun girma kuwa, ka riga ka ba da amsar da bakinka ba ka sani ba. Ɗauki biro. Ana raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne sau nawa taya ke juyawa idan feda ta zagaya sau ɗaya. 50 a kan 17 ya ba da 2.94, a kan 19 ya ba da 2.63, a kan 21 ya ba da 2.38. Waɗannan su ne giyoyinka uku. Yanzu ɗauki 44: a kan 15 ya ba da 2.93, a kan 17 ya ba da 2.59, a kan 19 ya ba da 2.32. Ka ga kowace ta samu 'yar'uwarta, ƙafarka ba za ta ma san an canza ba. Kuma kaset ɗinka jerinsa 11, 12, 13, 14, 15, 17, 19, 21, 23, 25, 28 ne. 17 ce ta shida, ita ce tsakiya cif. Ke nan da 44, gudun da ka fi yi zai faɗo daidai inda sarƙa ta fi miƙewa, ba ta karkata hagu ko dama ba. A faranti ɗaya wannan shi ne babban abin nema, don karkatar sarƙa ke cin haƙora. Daga 15 zuwa 11 kuma haƙori ɗai-ɗai ne, in an taka da ƙarfi a rukuni kana da matakai ƙanana.

Ta sama me za ka rasa? Tayarka ta 28 tana cin kimanin mita 2 da santimita 14 a juyi ɗaya. In kana juya feda sau 90 a minti, 50 a kan 11 zai kai ka kilomita 52 a awa, 46 zai kai ka 48, 44 kuma 46. Ka tambayi kanka sau nawa ka wuce 46 a hanyar Wudil kana taka feda. In da kai mai shiga gasa ne da na ce 46 ko 48. Ga yadda ka kwatanta hawanka, 44.

Wajen saye ka kula da abu biyu. Hannun fedarka ƙafa huɗu gare shi, da'irar notinansa milimita 110, kuma tazarar da ke tsakanin notinan ba daidai take ba, don haka faranti mai huda biyar ko mai huda huɗu na keken dutse ba zai hau ba. Ka tabbata an rubuta R7000 ko R8000 a bayanin kayan. Na biyu, notinanka na yanzu ta baya suke shigowa su ɗauru a jikin babban farantin kansa. Da zarar ka cire shi ba su da abin kamawa. Sai ka haɗo da gajerun notina mace da namiji na faranti ɗaya. Mutane da yawa kaya ya iso musu bayan mako uku, sannan su gano babu noti, su sake zaman jira.

Sabon farantin a mazaunin babba zai zauna, ta waje. Layin sarƙa, wato nisan inda sarƙa ke zama a gaba daga tsakiyar firam, a keken titi mai farantai biyu milimita 43.5 ne, kuma wannan awon yana tsakanin farantan biyu ne, ke nan mazaunin waje ya ɗan fita. Shi ya sa masu kyau ake yin su da ɗan lanƙwasa ciki, haƙoran su dawo kusa da tsakiya. Irinsa za ka nema. Kar ka ce za ka sa 44 a mazaunin ƙarami, sau da yawa yakan goga firam.

Direlar baya da kaset kuwa, bar su yadda suke tukuna. Sayi faranti da noti da sabuwar sarƙa, don tsohuwar sarƙa da ta miƙe za ta cinye maka sabon faranti. Ka hau wata ɗaya, abin da keken ya nema sai ka ƙara masa.

Ɗan Tudun Wadan Jos ya rubuta:

Malam sannu da jiki. Duk abin da Baba Bakaniken Fagge ya faɗa a kan Kano gaskiya ne, ba ni da abin cewa. Ni ta ɓangaren garinmu zan yi magana, kuma ra'ayina shi ne kar ka cire.

Lissafin da ya yi maka ta tsakiya da ta sama ne, bari in yi maka na ƙasa. Yanzu giyarka mafi sauƙi 34 a kan 28 ce, wato 1.21. In ka sa 44 ka bar kaset ɗin, mafi sauƙi za ta koma 1.57. Giya uku ka zubar ke nan, 34 a kan 23 da 25 da 28. A Kano ba ka san da su ba, na yarda. Mu a nan a cikinsu muke kwana. Kai da kanka ka san hawan da ke wajen Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, balle mutum ya gangara Hawan Kibo ya ce zai hawo. Ga shi Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Kano ba ta kai 500 ba, kwanakin farko numfashi kansa sai ya saba. A 1.21 kana iya tafiya kilomita 11 a awa kana zaune kana juya feda sau 70. A 1.57 irin wannan juyin yana bukatar ka riƙe kilomita 14, kuma a kan tudu mai tsayi bambancin 11 da 14 shi ne bambancin mai hawa da mai turawa. Gwiwa ce ke biyan kuɗin.

Za a ce maka ai sai ka faɗaɗa kaset. Haka ne, amma akwai abin da ake bayarwa. Na yi shekara guda cur da faranti 42 da kaset 11 zuwa 42, da direlar baya ta Shimano GRX RX812 wadda aka yi ta musamman don haka, kuma tana aiki da hannun 105 ba matsala. Hawa dai babu tudun da ya gagare ni, 42 a kan 42 ɗaya-da-ɗaya ne. Sarƙa ba ta taɓa zube mini ba saboda kulocin da ke jikin direlar yana hana ta tsalle. Abin da ya dame ni shi ne tazara. Jerin 11, 13, 15, 17, 19, 21, 24, 28, 32, 37, 42 ne. Daga 13 zuwa 11 nauyin feda na ƙaruwa da kashi 18 cikin ɗari a dannawa ɗaya, daga 15 zuwa 13 kashi 15. Idan kai kaɗai ne ba komai, sai ka rage gudu ko ka ƙara. Idan kana bin tayar wani a hanyar Bukuru, shi ke yanke gudun, sai ka ji wannan giyar ta yi nauyi, ta ƙasanta ta yi sauƙi, wadda kake so babu ita. Ba laifin kayan ba ne, don hanyar burji aka yi su. Daga ƙarshe na mayar da su kan keken da nake shiga ƙauyuka da shi, can suka samu gidansu, na titi kuma na mayar masa da farantansa biyu.

Kar kuma kowa ya ce maka za ka rage nauyi. Direlar gaba ba ta kai giram 100 ba, ka haɗa da waya da ƙaramin faranti. Babban kaset da doguwar direla za su mayar maka da abin da ka cire, har da ƙari.

In kuɗi ne matsalar, ba dole sai sabon hannun 105 ba. Hannun hagu na Shimano Tiagra 4700 yana jan direlar gaba ta R7000, ka sa a nemo maka na gwanjo. Direlar ma in ba ta karye ba mai haƙuri zai iya miƙe ta. Ni dai da ni ne, haka zan yi.

Auta Mai Feda ya rubuta:

Yaya Malam sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ban kai in ba ku shawarar gyara ba, amma ina bin gasa sosai, kuma wannan gardamar taku ita ake yi a can ma.

Daga kekunan dutse abin ya faro da ƙarfi, lokacin da SRAM suka fito da XX1 a 2012, faranti ɗaya da kaset 10 zuwa 42. Daga baya suka kawo shi kan kekuna masu lanƙwasasshen kai irin naka, a 2015 suka fito da Force 1 da Rival 1. Shimano sai a 2019 suka fito da GRX. A 2018 wata ƙungiyar ƙwararru ta ƙasar Ayilan, Aqua Blue Sport, ta hau keken 3T Strada wanda ba shi da ma wurin ɗaura direlar gaba. Mahayansu sun koka da zubewar sarƙa da tazarar giya, irin abin da Yaya na Jos ya faɗa, kuma ƙungiyar ta rushe kafin kakar ta ƙare, ko da yake ba keken kaɗai ya jawo ba. Tun kafin nan ma, a buɗe gasar Tour de France ta 2003 a Paris, David Millar ya hau ba direlar gaba, da faranti irin na da, sarƙarsa ta zube dab da ƙarshe, Brad McGee ya doke shi da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Wannan ya gaskata maganar Baba ta kar a bar tsohon faranti tsirara.

Amma daga baya an ci manyan gasa ba direlar gaba. Lizzie Deignan ta lashe Paris-Roubaix ta mata ta farko a 2021 da faranti ɗaya. A Giro ta Italiya ta 2023, Primož Roglič ya hau dutsen Monte Lussari da faranti ɗaya da babban kaset irin na burji. Ya daki wani rami a tsakiyar hawan, sarƙa ta zube, ya sauka ya mayar, aka tura shi, kuma duk da haka ya ci ranar, ya karɓe gasar daga hannun Geraint Thomas da daƙiƙa 14. Mads Pedersen ma ya ci Gent-Wevelgem ta 2025 da shi.

Abin da na lura shi ne su suna zaɓar rana. Hanyar yau ta dace, a sa faranti ɗaya, ta gobe ba ta dace ba, makanikai su mayar da biyu da daddare. Kuma kaset ɗinsu giya 12 ne ko 13, yana farawa daga haƙora 10, don haka suna da abin da mai giya 11 ba shi da shi. Ina ganin Yaya ma haka zai yi, tunda mako 50 yana Kano, 2 yana Jos.

Malamin Gwammaja ya rubuta:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na ɗage robar na duba da tocila, babu tsagewa, kan keken ma lafiya. Ɗan'uwa na Jos, maganarka ta shige ni, don na tuna bara a hanyar Lamingo ina kan 34 da 28 kuma ina neman wata. Na sa an tambaya mini hannun Tiagra ɗin a wurare uku, ba a samu na hagu shi kaɗai ba, sai dai a haɗa biyu. Maganar Auta ta ba ni wata dabara. Direlata ta baya mai dogon hannu ce, GS. Idan na sa 44 na bar 11 zuwa 28 don Kano, zan iya sayen kaset na biyu in ajiye don Jos kawai? Har nawa direlar za ta ɗauka? Sannan tsohuwar direlar gaban, ba za ta yi aikin tsare sarƙa ba in an miƙe ta?

Bakaniken Fagge ya rubuta:

Za ka iya, Malam. GS ta R7000 tana ɗaukar har 34. Da gajeriya ce, SS, da a 30 ta tsaya. 44 a kan 34 ya ba da 1.29, bai kai 1.21 ɗinka na da ba, amma ya fi 34 a kan 25 sauƙi, ke nan giya ɗaya kacal ka rasa maimakon uku. Kaset ɗin 11 zuwa 34 haƙora biyu-biyu yake tsallakawa tun daga 11 har 27, amma a Jos kai kaɗai kake hawa, ba tayar kowa kake bi ba. Yana zuwa da wata siririyar washa mai kaurin milimita 1.85, ita ake fara zurawa a kan wilin titi mai giya 11 kafin kaset ɗin. Kar yaro ya share ta da shara.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Ka yanke sarƙar a kan awon 34 tun yanzu, ko da 28 ce a jiki. Ka naɗa ta a kan farantin gaba da babban haƙorin baya ba tare da ta bi ta cikin direla ba, inda bakin biyu suka haɗu ka ƙara gaɓa huɗu. Idan ka yanke ta a kan 28, ranar da ka sa 34 ka danna babbar giya a kan tudu, sarƙar za ta fizge direla ta cusa ta cikin wili. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Doguwar direlarka za ta shanye rarar sarƙar ba damuwa. Duk lokacin da ka canza kaset kuma ka daidaita notin B, wanda ke nisanta ƙaramar tayar direla daga haƙora.

Tsohuwar direlar gaba tana iya tsaron, amma da wuya a naka. In babu waya, sifirin ɗinta ciki yake janta, notin iyaka na L, wanda ke tsayar da ita ta ciki, sau da yawa ba ya kaiwa ya turo ta har kan mazaunin waje sai an sa dogo. Kuma maratayinta a firam an yi shi ne don 50 zuwa sama, ba lalle ta sauko daidai 44 ba. Fara hawa haka. In sarƙa ta zube fiye da sau ɗaya akwai ɗan ƙaramin matsari da ake ɗaurawa a wannan maratayin. Kuma don Allah a wannan hunturun kar a zuba mata baƙin mai. Shi da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. A ɗiga mai kaɗan, a goge da tsumma har sai hannu bai baƙi ba.

Malamin Gwammaja ya rubuta:

Salam. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata, tunda kun ba ni lokacinku.

Kayan sun iso bayan kwana 19: faranti 44 mai lanƙwasa ciki, gajerun notina huɗu, sarƙa, da kaset 11 zuwa 34. Duka kuɗin bai kai na sabon hannun hagu shi kaɗai ba. Ni na ɗaura da kaina ranar Lahadi, ɗana na riƙe mini keken. Inda na ɗan tsaya shi ne wajen ɗora sarƙa, ta ƙi zama, ta yi tsaye a kan haƙora. Ashe gaɓa mai ƙunci na ɗora a kan haƙori mai kauri. Na matsar da ita haƙori ɗaya ta faɗa da kanta. Na fara sa babban kaset na yanke sarƙar a kansa yadda Baba ya ce, na gwada giyoyin duka, sannan na cire shi na naɗe a jarida da washarsa na mayar da 11 zuwa 28. Ramin da wayar giya ke shiga firam na toshe shi da ɗan roba saboda ƙura.

Mako uku ke nan, na yi wajen kilomita 450. Abin da na fara ji shi ne shiru. Da can a kan 50 da 23 ko 25 sarƙa na gogar direlar gaba sai na ɗan taɓa hannun hagu, yanzu babu wannan. Wanki ma ya yi sauƙi, don lungun da ke tsakanin farantan nan biyu shi ne matattarar ƙura, yanzu tsumma sau ɗaya ya wadatar. Lissafin Baba ya fito daidai, a kan 17 nake yini, in an matsa in sauko 15 da 14.

Asabar ta biyu muka yi Gezawa. Da tafiya iskar hunturu na dukan ƙirji, muna 24 zuwa 25 a awa, ina tsakanin 19 da 21, kuma ban rasa giyar da nake so ba. Da dawowa iskar ta koma bayanmu, yaran suka buɗe wuta, na duba na ga 47 a awa ina kan 11, ƙafata na juyawa fiye da yadda na saba. A nan kam na nemi wata giyar ban samu ba, suka ba ni tazara kamar mita 50 na tsawon minti biyu kafin su sassauta. Sau ɗaya ke nan a mako uku, kuma na yarda da wannan cinikin.

Sarƙa ta zube sau ɗaya. Wajen Yankaba ne, ina kan 12, na daina taka feda na bi ta kan wasu ramuka a jere, ta faɗo ta waje. A ƙananan haƙora sarƙar ta fi saki, ga rarar da muka bari saboda 34. Tun daga ranar in na hango wuri mara kyau sai in hau 17 ko 19 kafin in shiga, ba ta sake ba. Duk da haka na yi odar ɗan matsarin, don ba na so ta faru ina tsaye a kan feda a tsakiyar motoci. Wani abu kuma, a kan 28 idan na juya feda baya sarƙar takan gangaro 25. Baba, wannan na layin sarƙa ne ko akwai abin da zan daidaita?

Ƙaramin farantin da babban da tsofaffin notina duk na ajiye su a kwali, ban sayar ba. Ɗan'uwa na Jos, in Allah Ya kai mu hutun nan zan sa 11 zuwa 34 in zo. Ina so ka kai ni hawan da ka fi sani ya fi tsanani a kusa da gari, mu gwada 44 a kan 34 a kansa. In ya gagara, zan ci gaba da neman hannun Tiagra ɗin kafin hutun baɗi.